Kwana Bakwai, Ci Ɗaya

Ban buga ƙwallo da ƙuruciya ba. A Ƙofar Marke inda na tashi, tsarata suna bin ƙwallon tsumma a lungu, ni kuwa mahaifina ya zaunar da ni gaban tawada tun hannuna bai yi ƙwari ba, domin rubutu ne sana'arsa. Na gaje shi a wata rumfa kusa da Hubbare, ina kwafar waƙoƙin wa'azi da ƙananan littattafan ibada da ajami, ina sayar wa masu ziyara. Da bugun inji ya yawaita aka rage neman rubutun hannu, sai na koma sayar da bugaggu tare da tasbaha da turare. Hausar boko ina karanta ta a hankali. Turanci kuwa sai abin da kunne ya tsinta.

A masallacin unguwarmu ni ake turawa gaba idan liman ba ya nan. Babu wanda ya naɗa ni. Wata shekara liman ya yi jinya, ladan ya kamo hannuna ya sa ni gaba, daga nan abin ya zauna, har mutane suka riƙa ce mini na'ibi. Ba a ba kowa kome a kan wannan aiki. Amma ina son sa. Rubutu ya ja baya, ciniki a rumfa kowa na iya yi, wannan tsayuwa ce ta rage mini wadda aka san ni da ita.

Littafin ƙwallo ya shigo gidana ne ta hannun autata. Tana koyar da tattalin arziki a wata sakandare a Tudun Wada. Da ta haihu ta dawo gida wanka, a cikin kayanta har da wani littafin Turanci mai kauri da ta saya wa mijinta bai karanta ba. Da 'yar fari ce da ba mu zauna wuri ɗaya muna hira ba, amma auta ba ta san wannan kunya ba, ni ma ban koya mata ba. Bayan azahar nakan shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin uwarta, ita tana ciki da jinjiri a cinya, tana karantawa tana juya mini da Hausa, wani lokaci don kawai ta ji abin da zan ce.

"Baba, ka san mi mutumin ga yac ce? Wai in kana son sanin kulob ɗin da za shi gama bisa, bar duban koci, dubi albashin da ake biyan 'yan wasa."

Na ce, "Wanga ai ko mahauta sun sani. Wanda yaz zo kasuwar shanu da babbar jaka shi ka komawa da babban sa."

"Shi ya ƙirga, Baba. Kai zato kaka yi."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. A sana'armu akwai abin da muke kira muƙabala. Idan ka gama kwafar littafi, sai ka samu wani ya riƙe na asali, kai ka riƙe naka, a bi layi-layi. Dalili shi ne mai rubutu idan ya haddace waƙa, hannunsa yakan rubuta abin da ke kansa ya bar abin da ke gabansa, kuma ya rantse bai yi kuskure ba. Na ga marubucin nan muƙabala yake yi wa ƙwallo. Yana ɗaukar abin da kowa ya tabbata ya gani da idonsa, ya ajiye shi kusa da abin da aka ƙirga, ya duba inda suka rabu.

Ta karanta mini abubuwa da dama a waɗannan makonni. Akwai inda ya ce kulob-kulob sukan sayi ɗan wasa da tsada daidai lokacin da ya gama haskawa a babbar gasa, alhali shi ne dai mutumin da yake kafin gasar. Wannan ma na gane shi, domin na ga yadda rago ɗaya yake canja daraja idan layya ta matso. Akwai inda ya ce da yake ci ba ya da yawa a ƙwallo, mai rauni yakan doke mai ƙarfi fiye da yadda ake samu a wasu wasanni, kuma kulob yana iya jera nasara ba don ya fi kowa ba. Kalmar da ya yi amfani da ita, autata ta juya ta da sa'a. Na ce ta sa rabo. Ta ce ba ɗaya ba ne, na ce na sani, shi ya sa.

Ɗabi'ata ce abin da hannuna bai rubuta ba ba ya zama a kaina. Littafin kuwa cike yake da gidaje-gidajen lambobi, layi a tsaye, layi a kwance. Sai na riƙa zana irinsu a takarda da alƙalamin kara da tawada, ina farawa daga dama kamar yadda na saba, kanun gidajen da ajami, lambobin da na Larabci. Ban ga wani abu a cikin wannan ba. Haka nake rubuta kome, har sunayen magungunan da likita ya ba ni.

Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne maganar kwana, wato bugun da ake yi daga kusurwar fili. Marubucin ya ce 'yan kallo sukan tashi tsaye idan an samu kwana kamar an riga an ci, alhali kaɗan ce daga cikinsu take shiga raga. Na kai wannan magana rumfa, ga abokina tun na makarantar allo. Mahauci ne da ya bar wa 'ya'yansa teburi, yanzu aikinsa zama wurina da sauraron wasannin Turai a rediyo.

Ya ce, "Wa yac ce kwana ba ta da amfani? Bature?"

"Bai ce ba ta da amfani ba. Cewa yay yi ihun da ake mata ya hi abin da taka haihwa."

"Malam, kai da ko lemun tsami ba ka taɓa shura ba? Kwana rabin ci ta. Tambayi kowa."

"Kowan ya ƙirga?"

"Kowa na da ido."

"To ni za ni ƙirga."

"Da wane idon? Na dama, ko wanda likita yak kankare?"

A lokacin ana gasar unguwanni a wani fili bayan makarantar firamare, ba nisa da mu. Ana farawa bayan la'asar, a tashi kafin magariba. 'Yan wasan magidanta ne da samari masu sana'a, teloli da makanikai da masu fawa, kowace unguwa da mai saya mata riguna. Nakan zana gidajena a gida, in naɗe takardar in sa a aljihu da biro. A filin itace ɗaya ne mai inuwar kirki, wani itacen dogon yaro a bayan raga ta gabas, kuma a gindinsa masu koren riga suke ajiye bencinsu da jarkokin ruwa. Nan na shimfiɗa buzuna, don inuwa. Ba ni da ɓangare. Ko sunan unguwar da suke wakilta sai daga baya na riƙe.

Aikin ba shi da wuya amma yana son natsuwa. Duk kwanar da aka buga in yi ɗigo a gefe, in ta zama ci in kewaye ɗigon. Idan an tashi in haɗa, in rubuta a gidan da ya dace. Bakina yana motsi, domin ban iya ƙirga shiru ba, kuma tsakanin kwana da kwana nakan koma istigfari, tunda lokacin na zikiri ne. Ban san wasa ba sosai, saboda haka ba na ihu idan an ci, ba na tashi idan an yi rigima da alƙalin wasa. Kaina yana kan takarda.

Abin da na gani bai saɓa wa littafin ba. Kwana tana zuwa da yawa. Mafi yawansu wani ya sa kai ya fitar, ko gola ya cafe, ko ta wuce kowa ta faɗa cikin 'yan kallo. Na nuna wa abokina, ya ce 'yan unguwa ba su iya bugu ba, wannan ba hujja ba ce. Na nuna wa autata, wadda ta riga ta koma ɗakinta, ta ce wasanni kaɗan ba sa tabbatar da kome, sai na tara da yawa. Duk biyun na ga suna da gaskiya, shi ya sa na ci gaba da zuwa.

Masu koren riga kuwa suka shiga cin wasa. Golansu, wani tela dogo, ya riƙa tare ƙwallayen da shi kansa yake mamaki. Na lura gaisuwa ta canja. Da can sukan ce sannu Baba su wuce. Yanzu golan yakan zo kafin a fara, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce a sa musu albarka. Nakan ce Allah ya ba da sa'a, ya tsare ku daga rauni, kamar yadda zan ce wa duk wanda ya roƙa. Wata rana na iske an share gindin itacen an shimfiɗa mini tabarma sabuwa. Na ɗauka ladabi ne ga tsoho, na gode, na zauna.

Wata safiya ina zaure aka yi sallama. Alhajin da ke saya wa masu koren riga kaya ne, dillalin shanu, mutum mai jiki da fara'a. Ya shigo da cinyar rago a leda da ƙwaryar fura, ya ajiye a gefe, ya zauna ƙasa duk da na nuna masa kujera. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mun ga aiki. Allah shi saka."

"Wane aiki, Alhaji?"

"Ai ba sai an hwaɗa ba. Mu dai tausai munka ji. Ga shekaru, ga zahin rana, mutum shi kwana bakwai ci ɗaya saboda yaran da ba nashi ba. Shi as sa nic ce a kawo ɗan abin taɓawa. In ba a kai ga buɗe baki ba, iyali su ci."

Ban gane ba sai da ya ciro waya ya nuna mini. Wani ya tsaya bayana a fili ya ɗauki hoton takardata. Ga gidajen nan a zane da tawada, ga lambobin Larabci a ciki. A kan gida ɗaya an rubuta kwana, a ƙarƙashinsa bakwai. A kan na kusa da shi an rubuta ci, a ƙarƙashinsa ɗaya. Na kalli hoton kamar ba ni na rubuta ba, na ga abin da suka gani. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san siffar hatimi, gidajen lambobin da masu tsibbu suke zanawa a laya. Kuma ya san ana cewa mai irin wannan aiki yakan shiga halwa ya rage ci. Takardata ta yi kama da hatimi, har da sharaɗinsa a rubuce.

Na ce, "Alhaji, wagga kwana ba ta barci ba ta. Bugun kusurwa na. Ranar nan kun buga bakwai, ɗaya taz zama ci. Ƙirga nika yi, don wani littahi da ɗiyata tak karanta min."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin na wanda aka gaya wa ƙarya cikin ladabi ya karɓa cikin ladabi.

"Haka na, Malam. Allah shi ƙara rufa asiri. Mu dai roƙonmu kada a canza wurin zama."

Bayan ya tafi na aiki abokina mahauci ya mayar masa da naman da furar. Ya je ya dawo yana dariya har yana riƙe ciki. Ya ce Alhaji ya tambaye shi a asirce ko abin ne ya yi kaɗan.

Hoton ya yi yawo a wayoyi. Masallacinmu kuwa yana bakin hanya, ba na unguwa ɗaya ba ne. A cikin masu salla akwai iyayen waɗanda masu koren riga suka fitar daga gasa, akwai kuma mutanen da ba ruwansu da ƙwallo amma ba sa wasa da maganar tsibbu. Wata la'asar liman ya tafi jana'iza, ladan ya tayar da iƙama, na taka zuwa gaba. Ina juyowa don in daidaita sahu sai na ga wani kafinta ya fita daga layi ya koma jikin bango ya tsaya. Mutum ne mai kamun kai, ba ya fashin jam'i, shi ya gyara mana tagogin masallaci bai karɓi kome ba. Na yi kabbara. Da muka sallame na gan shi yana tasa sallar shi kaɗai. Karo na gaba da liman bai zo ba, ba shi kaɗai ya koma bango ba, kuma da muka idar suka tayar da nasu jam'in a bayanmu.

Na sami kafintan a shagonsa. Ya ajiye abin da yake fiƙewa, ya share mini benci, ya tsaya har na zauna. Na gaya masa abin da na gaya wa Alhaji.

Ya ce, "Malam, ni ban ce ka yi ba. Kai ka koya wa ƙannena alwala. Amma na ga hoton da idona, kuma na ga golan nan durƙushe gabanka."

"Addu'a yar roƙa."

"Na yarda. Amma in na tsaya bayanka abin na zo min ga rai, kuma ban son in yi salla ina gardama da zuciyata. Ka yi min haƙuri."

Na yi masa sallama na fito. Bai ɗaga murya ba, kuma da ni ne na ga irin wannan hoto na wani, ban san abin da zan yi ba.

Liman ya aiko in zo da takardun. Shekarunmu kusan ɗaya, shi ma ya yi karatun zaure, ya san ajami kamar yadda na san shi. Ya sa tabarau, ya baje su a kan buzu, ya daɗe yana dubawa. Na ga yatsansa yana bin layi a kwance, bakinsa yana haɗa lamba, sannan ya bi a tsaye, sannan ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ya ce, "In hatimi na, to wanda yaz zana shi bai iya ba. Hatimi ta duk inda kab bi lissahi ɗaya za shi ba ka. Wanga kowane layi da inda yan nuhwa."

Ya kuma kawo takardar kusa da ido, ya sa farce a kan kalmar.

"Kuma babu alif."

Abin da nake jira wani ya gani ke nan. Kwana na barci ana jan farkonsa a baki, kuma a ajami alif ne yake nuna wannan ja. Kwana ta ƙwallo gajera ce, ban sa mata alif ba. A boko duk ɗaya ake rubuta su, kuma yawancin masu kallon hoton sun bar allo da wuri, sun riƙe haruffa sun manta ƙa'ida. Liman ya cire tabarau ya yi dariya mai isarsa, ya tambaye ni ko da gaske kwana ba ta cika zama ci ba, domin shi ma a da yana zaton rabin ci ce. Sannan ya natsu.

"Ni na gamsu, Malam. Amma ni ɗaya na, kuma ba ni ka bin ka salla ba, tunda sai ba ni nan kaka yi. Za ni yi musu bayani."

Ya yi, bayan sallar azahar, a taƙaice, ba tare da ya kama sunan kowa ba. Ya ce takardar da ake yawo da ita ƙirgar wasa ce, ya duba da kansa, a ji tsoron Allah a bar zato. Wasu suka yi dariya, wasu suka zo suka ba ni hannu. Amma a bakin ƙofa, muna neman takalma, na ji wani dattijo yana cewa to in ba tsibbu ba ne, ashe na'ibi guda yana ƙarar da tsakanin la'asar da magariba wajen ƙirga shurin ƙwallo ke nan, wanne ya fi wanne. Ban juya ba. Na tafi da maganar gida, na auna ta, na ga ba duka ba ce banza. Ban taɓa rasa salla saboda filin ba, amma lokaci ne da na saba karatu a cikinsa.

Sai na daina zuwa. Na naɗe takardun na sa a cikin gafaka. A zatona idan aka daina ganina a gindin itacen, maganar za ta mutu da kanta.

Wasan da ya biyo baya aka ci masu koren riga, aka fitar da su daga gasar. An ce golan ya saki ƙwallon da ko makaho zai kama, kuma da aka tashi ya tsaya yana kallon tabarmar da babu kowa a kai. Kafin magariba labari ya zagaye unguwa cewa Malam ya janye hannu saboda liman ya matsa masa, ga shi nan an gani. Waɗanda bayanin liman ya gamsar, wasunsu suka koma shakka.

Autata ta zo da jinjirin a ƙarshen mako, uwarta ta riga ta ba ta labari. Ta zauna tana dariya tana ba ni haƙuri a lokaci ɗaya.

"Baba, ai dole wata rana a ci su. Da ka daure ka tahi sun hwaɗi gabanka, da an huta."

"Da na san ranar, da na zama abin da suka cewa."

Abokina mahauci ya ce in jira gasa ta gaba, in koma in zauna musu har sai an lallasa su a gabana, kowa ya shaida. Na ce in kuma suka yi ta ci fa? Ya ce to in zauna wa abokan karawarsu. Na ce in waɗannan suka ci fa? Ya ce Malam, kai dai ka shiga uku, ya ƙara muryar rediyonsa.

Na yi tunanin abin a tsanake cikin kwanakin da suka biyo. A littattafan fiƙihun da na kwafa da hannuna akwai maganar mutumin da yake jan salla alhali mutanen kirki daga cikin masu binsa ba su so. Malamai sun bambanta tsakanin ƙin da yake da dalili na addini da wanda yake na son rai, kuma na san zan iya tsayawa a kan cewa dalilin waɗannan kuskure ne, liman ma ya shaida. Da na tsaya a nan babu wanda zai ture ni. Amma masallacin da na sani da jam'i ɗaya ya koma yin biyu duk ranar da na shiga gaba, kuma ba ni da wata hanya ta shiga zuciyar kafinta in nuna masa inda alif ya kamata ya zauna.

Da kaka ta yi liman ya tafi ƙauyensu yankan shinkafa, ya ce zai ɗan jima. Magaribar farko bayan tafiyarsa masallaci ya cika, har da matafiya da suka tsaya da mota. Ladan ya tayar da iƙama, ya dube ni kamar kullum. Na miƙe. Ta gefen ido na hango kafinta kusa da ƙofa, bai shiga sahu ba, takalmansa a hannu. A damana akwai wani malamin Islamiyya, bai kai ni shekaru ba da nisa, amma ya haddace Alƙur'ani kuma ba a taɓa jin sa cikin wata magana ba. Na kama damtsensa na tura shi gaba. Ya turje, ya ce Malam, ya za a yi haka. Na ce lokaci na tafiya. Ya shiga.

Na koma inda ya tashi. Kafin a yi kabbara na ji an matso ta haguna, kafaɗa ta taɓa tawa. Kafinta ne. Aka yi jam'i ɗaya.

Da liman ya dawo aka gaya masa. Ya same ni a rumfa, ya tambaye ni ko ina so ya sake yin magana, ya ce yana iya mayar da ni da bakinsa a gaban kowa. Na ce a bari. Ya ɗan zauna, ya sayi turare, ya tafi.

Haka abin yake har yau. Ina tsayawa a sahun farko, bayan malamin Islamiyya idan liman ba ya nan. Wasu har yanzu suna ce mini na'ibi don sabo, ba na gyara musu. Karatun malamin yana da kyau, sai dai yana sauri a ruku'u, tsofaffi ba sa cim masa. Na gaya masa a keɓe, ya rage.